Ranar da Noeline Ta Shiga Hoto

Duk wanda ya taɓa tsayawa da kamara a gefen layin dogon da ya tashi daga Springfield ya haura duwatsun Arthur's Pass, ya san muryar Merv Kerrisk tun kafin ya san fuskarsa. Murya ce ta mutumin da ya girma yana kiran karnukan kiwo daga wannan tudu zuwa wancan, kuma abu ɗaya take faɗa: "A fita daga hoto!" Ya daka wa baƙi 'yan yawon buɗe ido wannan tsawa, ya daka wa limamin cocinmu, ya daka wa ɗan sanda da kakinsa. Akwai ranar da ya daka wa garken tumaki, kuma waɗanda suka ga abin sun rantse tumakin sun matsa.

Sana'arsa kafa shingen waya ce a gonakin tumaki, da ita ya ci ya sha har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Amma in ka tambaye shi ko shi wane ne, ba zai ambaci shinge ba. A wata gona kusa da Cass aka haife shi, inda ubansa ke kiwon tumakin wani, kuma tun yana rarrafe yake jin jiragen tururi suna nishi a hawan dutse. Bai taɓa tunanin ɗaukar hotonsu ba. Wa ke ɗaukar hoton abin da zai sake gani gobe? Sai da ya zama saurayi aka ce za a daina aiki da su, a kawo masu shan man dizal, su kuma a yayyanka su a sayar da ƙarfen. A makon nan ya sayar da babur ɗinsa ya sayi kamara. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zagayen dubiya, wanda duk ya ɗauka sai ya juya bayan hoton ya rubuta lambarsa da fensir, a ƙasa ya ƙara: "Ganin ƙarshe."

Wannan hali kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai, na dukanmu ne masu bin jirgi. Kan jirgi zai shekara ashirin yana wucewa ta ƙofar gidanmu, ko ɗaga kai ba ma yi. Ranar da aka ji ƙishin-ƙishin za a ajiye shi, sai ka ga motoci sun cika gefen hanya, kowa da kamararsa a wuya. Direbobin jirgi ma sun gane mu. In suka hango mun yi yawa a kan tudu, sai ɗaya ya ce wa ɗaya, "Yau kuma wa zai mutu?"

A ɗakin shan shayi na tashar Springfield ya haɗu da Noeline, lokacin tana budurwa tana zuba wa fasinjoji shayi. Kullum sai ya zo ya zauna a teburin da ke jikin taga, ya daɗe bai tashi ba. Ita ta ɗauka don ita yake zuwa. Sai bayan an ɗaura aure ta gano daga tagar nan ake hango inda jirgi ke ɓullowa. Ta ce ba komai, ai ta riga ta shigo.

Ita ce direbansa. Ba wai bai iya tuƙi ba ne. A shekarar farko ta aurensu suna bin wani jirgi, ya juya kai yana kallon hayaƙi, sai ga su cikin rami, ƙafafun mota biyu a sama. Noeline ta fito, ta kakkaɓe siket, ta miƙa masa tafin hannu. Ya ɗora mata makulli, kuma bai sake karɓa ba. Bin jirgi a cikin duwatsu kuwa aikin direba ne: ka ɗauke shi a wannan kwana, ka ruga mota, ka riga shi isa gada ta gaba. Noeline ta san kowace kwana, kowace ƙofar gona, kowace siririyar gada da mota biyu ba sa giftawa. Tana zuwa da fulas ɗin shayi da burodi da naman rago, ta kuma tsare motar kada akun dutse su ɓamɓare robar gilashi, don waɗannan tsuntsaye ba su da aiki sai ɓarna.

Abin dariyar shi ne, a cikinsu biyu ita ce ta ga jirage. Shi ta ɗan ƙaramin ramin kamara yake leƙensu, ido ɗaya a rufe, yana riƙe da numfashi. In jirgi ya wuce sai ya ɗago ya ce, "Yaya? Ya yi kyau?"

Ta ce, "Kai da ka zo kallo kake tambayata?"

"Ni ai aiki nake."

"Sannu da aiki, maigida. Ya yi kyau. Direban ma ya ɗago min hannu."

Tana da wata jar rigar sanyi da ta saya tun tana amarya. Merv ya tsani rigar nan, don ja ba ya ɓuya. Ko a ina ta tsaya sai ya fito a kusurwar hoto. Da ranar tunawa da aurensu ta zagayo, sai ga shi da ƙunshi har da zare. Ta buɗe ta ga sabuwar riga mai kauri, mai tsada, kalar busasshiyar ciyawar tudu.

"Wannan fa?"

Ya ce, yana murmushin wanda ya yi abin kai, "In kin sa ta kin tsaya a tudu, ba mai ganinki."

Ta dube shi. "Kai, wannan soyayya taka sai a hankali."

Amma ta sa. Ta ninke jar ta ajiye a ƙasan akwati, ta shiga ta ciyawa, ta yi ta sa ta har gwiwar hannu ta koɗe. Lokacin da 'yarsu Raewyn za ta yi aure, ta nemi hoton uwarta a cikin akwatunan ubanta, waɗanda suka cika ɗaki guda. Ta samu gwiwar hannu a wani, rabin takalmi a wani, sai wani dunƙulen ciyawa a bayan gada da Merv ya rantse uwarta ce. Raewyn ta yi fushi, Noeline ta yi dariya. Ta ce hali zanen dutse ne, kuma ita ta san dutsen da ta aura.

Haka suka tsufa, ba wanda ya ji kansu. Sai a wani lokacin sanyi Noeline ta fara rama, aka yi ta kai da kawo asibiti a Christchurch, daga ƙarshe likita ta kira sunan abin: ciwon daji. Aka ce za a fara ɗura mata magani ta jijiya ran Litinin mai zuwa, kuma maganin zai zubar da gashinta duka.

Gashin nan kuwa ba kowa ya san shi ba. Kullum a nannaɗe yake a ƙarƙashin hula. Merv kaɗai ke ganinsa, da safe, in ta zauna kusa da murhu ta warware shi tana tajewa, ya zubo har gadon baya, fari tas. Yakan yi kamar yana goge gilashin kamara, alhali kallonta yake. Bai taɓa faɗa mata ba.

Ran Laraba tana cikin tazar nan ta ce, ba ta ko juyo ba, "Merv, ina so ka ɗauke ni hoto kafin Litinin. Ɗaya tak, da gashina a sake."

Ya ce, "To."

"To ɗin yaushe?"

Ya leƙa taga. "Yau hadari ne, hasken ba kyau."

Ran Alhamis rana ta fito, ya ce hasken ya yi tsauri, zai sa mata inuwa a ido. Ran Juma'a ya ce fim ɗin da ke cikin kamara na gobe ne, ba ya so ya taɓa shi. Mutumin da ya ɗauki jirgi a cikin ruwan sama da hazo da ƙanƙara, yau shi ne haske ya gagara a tsakar gidansa. Gaskiyar magana tsoro yake ji. Tun da yake bai taɓa ɗaga kamara da gaske ba sai ga abin da zai tafi. A wurinsa, ya ɗauki hoton Noeline daidai yake da ya yarda za ta tafi. Shi kuwa bai yarda ba.

Ran Asabar ɗin nan ita ce ranar da duk masu bin jirgi suka daɗe suna jira. Wani kan jirgi mai tururi, ɗaya daga cikin waɗanda Merv ya yi wa hoton ban kwana yana saurayi, ya kuɓuta daga masu yankan ƙarfe. Ya shekara da shekaru yana tsatsa a bayan wata rumfa, har wasu 'yan sa-kai suka ɗauko shi suka yi ta lallaɓa shi duk ƙarshen mako. Yanzu zai hau dutse da taragan fasinja a karon farko. Kamar an roƙa, dusar ƙanƙara ta sauka ran Juma'a, gari ya waye sama garau. Gadar kogin Waimakariri, fararen duwatsu a baya, hayaƙi a tsaye cikin sanyi: hoton da Merv ke mafarki ke nan tun kafin ya yi furfura.

Ya ce mata ta zauna ta huta, zai bi motar abokinsa Alby. Ta ce in ya ga ta zauna, to makullin ya ɓata.

Suna hawan hanya, ita a kan sitiyari, ta ce, "Tsoho, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na san abin da ke damunka."

"Ni? Ba abin da ke damuna."

"Labarin zuciya a tambayi fuska. Kana ganin in ka ɗauke ni, shi ke nan na tafi."

Ya kafa wa gilashi ido. "Kula da hanya, akwai santsi a kwanar nan."

"Ni za ka koya wa kwanar nan?"

Ya juya yana kallon layin dogo. A haka suka isa.

Akwai dokar da ba a rubuta ba a wurinmu, kuma Merv ne alƙalinta. Wanda ya riga zuwa shi ke kafa sahu. Kowa ya zo sai ya jeru a gefensa ko a bayansa, ba mai wuce gaba ko da taku ɗaya. In an ji jirgi na tahowa kuma, baki ya mutu, don akwai masu naɗar sauti. Alby Rountree, tsohon mahauci, shi ne babbansu. Yana yawo da abin ɗaukar murya a lulluɓe da gashi a kan doguwar sanda, kamar ya soke mushen zomo, kuma ya taɓa daina gaisawa da wani har shekara guda saboda atishawa.

Merv ya riga kowa. Ya kafa ƙafafun kamara a kan tudun da ke kallon gada, ya murɗa gilashi har ƙarafan gadar suka fito ɗaya-ɗaya, sannan ya manne shi da baƙin salatif kada ya motsa. Haka yake yi kullum. Kafin hantsi sahu ya cika, har da samari daga birni da sababbin kamarorinsu masu nuna hoto nan take. Shi dai yana nan da tsohuwar tasa mai fim.

Alby ya ce, "Ina uwar ɗakinmu?"

"Tana mota, tana gadin tsuntsaye."

"Jikin fa?"

"Da sauƙi." Ya sunkuya ya leƙa rami, don kada Alby ya ga fuskarsa.

Can sai aka ji busa daga ƙasan kwari, doguwa, duwatsu suna mayar da ita. Alby ya ɗaga sanda. Kowa ya yi tsit, ba ka jin komai sai kogi da nishin jirgi daga nesa. Merv ya rufe ido ɗaya, yatsa a kan maɓalli.

Sai wani ja ya shigo masa cikin rami.

Ya ɗago. Noeline ce, ta zagayo ta ƙasan tudu, ta tako cikin dusar ƙanƙara har ta tsaya a gaban sahu, daidai bakin kamararsa. Jar rigar nan ce a jikinta, ta yi mata yawa yanzu, tana warin akwati. Ta cire hula ta sa a aljihu, ta zare abin ɗaurin gashi, ta girgiza kai. Gashin ya zubo, iska ta kama shi.

Wani saurayi daga birni ya yi ihu, "Ke Mama! A fita daga hoto!"

Sauran suka juya suna kallon Merv, suna jiran aradu ta faɗi. Shi kuwa idonsa na kan Noeline.

Noeline ta ce, da muryar da ta saba kiran fasinjoji su zo su ɗauki shayinsu, "Merv Kerrisk, wancan da ke tahowa, ba shi ne ka rubuta wa ganin ƙarshe tun ina aiki a tasha ba? To ga shi nan da ƙafarsa. Ni ma ba wurin masu yankan ƙarfe za a kai ni ba, gyara za a shiga da ni. Ɗauke ni, sanyi nake ji."

Hayaƙi ya riga ya ɓullo ta bayan bishiyoyi. Gilashin kamara kuwa ba ya riƙe na kusa da na nesa lokaci guda. In gada ta fito, Noeline sai ta zama jan tabo, in ita ta fito, gada ta narke. Merv ya san haka fiye da kowa a tudun. Ya kai farcen babban yatsa ya ɓanɓare salatif ɗin. Ya sunkuya, ya murɗa. Gada ta dushe, duwatsu suka dushe, fuskar matarsa ta fito sarai: ƙananan layuka a gefen ido, hanci ya yi ja don sanyi, rana a cikin farin gashi. Shekara arba'in da ɗoriya yana ce mata ta matsa, bai taɓa ganinta ta ramin nan ba. Ya ji son matar nan ya kama shi kamar bai taɓa sonta ba sai yau.

Ya ce, "Ɗaga haɓa kaɗan."

Saurayin ya sake cewa, "Haba Baba, ka yi mata magana mana, jirgin ya hau gada!"

Merv bai ko ɗago ba. "Kai yaro, rufe mana baki. Ana ɗaukar hoto."

Jirgi ya hau gada da rugugi, ya saki busa, hayaƙi ya miƙe sama fari da baƙi. Noeline ta yi dariya, Merv ya danna.

Da ƙarar ta yi nisa ya miƙe a hankali, yana dafe da ƙugu. Sabo ya sa ya ce, "Yaya? Ya yi kyau?"

"Yau ni ma baya na ba shi. Tambayi Alby."

Alby ya sauke sandarsa yana share ido da bayan hannu. "Kin ɓata min sautin da na fi jira a rayuwata, uwar ɗakina. Ba abin da ke ciki sai faɗanki." Ya ja hanci. "Wannan sanyi ma sai ya sa mutum hawaye."

An yi 'yan gunaguni a sahu, don jar riga ta shiga kusurwar hoton mutum da yawa. Alby ya bi su yana raɗa musu wani abu a kunne, gunagunin ya mutu. Saurayin nan da kansa ya riƙo hannun Noeline ya hau da ita tudu, yana ta ba ta haƙuri, ita kuma ta cika masa hannu da burodi da nama.

Ran Litinin Merv ya ce shi zai tuƙa ta asibiti. Ta ce hanyar Christchurch gefen layin dogo take bi, ita kuwa ciwo ɗaya ya ishe ta, ba sai an ƙara mata da rami ba. Raewyn ce ta zo ta kai ta.

Fim kuwa sai an aika birni an wanke, mai wankin ma saura shi kaɗai, ba ya sauri. Kafin ya dawo gashin ya tafi. Ya fara bin mataji, ya koma bin matashin kai, har wata safiya ta ce ya ɗauko almakashi su huta. Ya yanke mata sauran, ya fita bayan gida ya daɗe. Duk kwanakin nan abu ɗaya ke cin ransa: sau ɗaya tak ya danna. In hoton ya ɓaci, ba gashin da za a sake ɗauka.

Ranar da ambulan ɗin hoton ya iso, ya kasa buɗewa. Ya kai mata inda take zaune kusa da murhu da hular ulu a kai, ta rame har zoben aure na yawo a yatsa. Ta buɗe da kanta. Ga ta nan, jar riga, baki buɗe da dariya, kowane silin gashi ana iya ganinsa. A bayanta akwai wani baƙin tabo da hayaƙi a kai, wanda in ba a gaya maka ba, ba za ka ce jirgi ne ba.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe kyakkyawa ka aura."

"Na sani."

"Ka sani ka saya min rigar ciyawa?"

Ya karɓi hoton ya koma teburi, ya ciro guntun fensir daga aljihu, ya juya bayansa. Noeline ta bi shi da ido, dariyar ta ɗauke daga fuskarta, don ta san abin da ya saba rubutawa a wurin nan. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya dawo ya miƙa mata.

Ta kusanto da shi ido. Ya rubuta sunanta, a ƙasa kuma: "Tana wurin gyara. Za ta dawo aiki."

Ta rufe baki da hannu, hawaye suka zubo, ta bar su suka zuba. Sannan ta ce, "Rubutu kamar kaza ta yi tono." Ta laluba aljihun rigarta, ta karkaɗa masa makullin mota. "Wannan kuma yana wurina, kada ka sa rai."